Feshin da Aka Yi wa Garkar Yayana Namata

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Namata, kuma bana ce karo na farko da na gode wa Allah da ba ya raye balle ya ga abin da idona ya gani. Na san maganar tana da nauyi a bakin ƙanwa. Na yi ta juya ta a raina a cikin mota tun daga Dumega har Dogon Dutsi, ban sami wadda ta fi ta gaskiya ba, shi ya sa na fara da ita.

Manoman ƙasar Arewa da suka manyanta sun san shi. Wanda bai riƙe sunansa ba ya riƙe tsohon babur ɗinsa mai ƙara, da malafar da ba ya rabuwa da ita. Malamin gona ne na gwamnati, Mushe ake ce masa kamar yadda ake kiran ma'aikata a wajenmu da bakin Faransanci, ya yi aiki a Tibiri, ya yi a Gesheme, ya zagaye ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina. Da ya yi ritaya bai zauna birni kamar abokan aikinsa ba. Ya kwashi matarsa Mariama suka koma Dumega, ya kama garkar da mahaifinmu ya bar mana a bakin fadama. Ni kuwa aikin koyarwa na yi a lakwal har na ajiye alli, ina nan Dogon Dutsi, sai dai ba na yin wata biyu ban leƙa su ba.

Ba zan yi masa kwalliyar da bai yi wa kansa ba. Yaya mutum ne mai faɗa. Idan ya tabbata yana kan gaskiya, ba ya duba wurin da yake ko wanda ke gabansa. Ya ɓata da abokai a kan abin da wani zai yi dariya ya wuce. Ni kaina mun taɓa yin watanni ba ma gaisawa da daɗi saboda na ce masa ya rage tsanani a kan yaransa. Amma abin da ya fi yin faɗa a kansa a ƙarshen rayuwarsa shi ne maganin kashe ciyawa, kuma a wannan faɗan ban taɓa ganin laifinsa ba.

Kada wani ya ɗauka maƙiyin magani ne. A shekarun fara shi da kansa ya goya tankin feshi. Sai dai yakan sa safar hannu da takalmin roba, ya rufe hanci da baki, ya kafa jan ƙyalle a bakin gonar, ya sa a yi shela a gari cewa kowa ya tsare dabbobinsa da yaransa. Ya san abin da ke cikin tankin, shi ya sa yake tsoronsa. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne lokacin da maganin ciyawa ya fara shigowa kasuwanninmu a cikin jarkoki, ana ɗura shi a kwalaben lemo marasa takarda, ana jera su kusa da gishiri da busasshen tumatir. Wata rana ya ɗauko wani manomi a bayan babur ya kai shi likita a Tibiri. Tankin mutumin yana yoyo, ya yini yana feshi maganin yana jiƙa masa riga, fatar bayansa ta saluɓe kamar wanda aka watsa wa tafasasshen ruwa. Yaya ya biyo ta gidana bayan kwana biyu, na ajiye masa tuwo ya kasa ci.

Ina tare da shi ran wata kasuwar Dumega da ya tsaya gaban wani mai sayarwa ya ɗauki kwalba ɗaya ya ɗaga.

"Mi ne ne wanga?"

"Maganin haki ne, Mushe."

"Na ji. Mi ne sunanshi? Wa ya yi shi? In ɗiyarka ta ɗauka ta sha, mi za ka ce ma likita ta sha?"

Mutumin ya yi dariya, na kusa da shi suka taya shi. Daga ranar suka laƙaba masa Mushe Hana-Feshi. Yara na kiransa da shi a bayan ido. Bai damu ba, ya ma ce sunan ya fi wasu da ake ba mutane.

Da baki ya kasa shawo kan kowa, sai ya koma yi da hannu a garkarsa. Wanda ya shiga garkar nan a zamaninsa ba zai manta ba. Ƙarƙashin mangwaro da tsakanin fangalin albasa da tumatir duk a shimfiɗe suke da karan hatsi da ƙaiƙayi, ƙasa ba ta ganin rana balle ciyawa ta samu ta fito, kuma danshi na daɗewa. Tsakanin rogo yakan saka dankali da wake, su yaɗu su rufe wurin. Aya-aya, wadda kowane mai garka ya san taurin kanta, da rani yake bin ta, ya tone 'ya'yanta daga ƙarƙashi ya shanya su a rana su bushe. Sauran kuwa yakan cire su da safe bayan ban ruwa, tun suna ƙanana, lokacin da ƙasa ke da taushi. A bakin ƙofa inda ya zuba tsakuwa, ruwan zafin da Mariama ta tsiyaye daga dafaffen zogale shi ake zubawa a kan duk abin da ya leƙo.

Akwai kuma hanya. Daga jan titi zuwa ƙofar garka akwai wata doguwar hanya mai faɗin amalanke, wadda da damina ciyawa ke cinyewa. Yaya bai taɓa sa mata hauya ba. Malam Jabbo ne ke kula da ita. Bafillace ne makiyayi, rugarsu tana bayan fadama tun zamanin iyayenmu. Kullum da hantsi yakan koro tumakinsa su bi hanyar suna kiwo, su sha ruwa a komin siminti da Yaya ya gina a wajen shinge kusa da rijiya, su bar masa taki su wuce. Gefen hanyar kuma na matan unguwa ne. Tafasa da lalo da gasaya suna fitowa da kansu, Yaya ya hana a taɓa su. A watan da rumbu ya yi ƙasa hatsi bai nuna ba, gidaje da yawa da ganyen nan suke kwana. Ba wanda ya taɓa zama ya tsara wannan. Kowa dai ya san rabonsa a hanyar.

Amma aikin nan wani ne ya biya shi da bayansa, kuma ba zan ɓoye ba. Isufu, babban ɗan Yaya, ya tashi a durƙushe. Duk hutun lakwal, sa'o'insa na ƙwallo shi yana tsakanin fangali yana tsinto ciyawa, uban na tsaye a kansa yana nuna masa wadda ya tsallake. Ya taɓa ce mini yana saurayi, "Gwaggo, ni ban san hutu ba, durƙuso na sani." Ya yi karatu da zuciya ɗaya don ya tsere wa garkar nan, kuma ya tsere. Yau babban ma'aikaci ne a Yamai. Yaro ne mai zumunci, bai taɓa barin uwarsa cikin rashi ba. Na faɗi haka ne don kada mai karatu ya ɗauke shi mugu. Da mugu ne da abin bai yi mini zafi haka ba.

Bayan rasuwar Yaya, Mariama ta riƙe garkar iyakar ƙarfinta. Gwiwoyinta sun fara ƙin lanƙwasuwa, samarin gari kuma sun watse neman kuɗi, mai yin ƙwadago ya yi wuyar samu. Garkar ta ɗan yi duhu, ba kamar da ba, amma tana ba da abin miya, tumakin Malam Jabbo na bin hanyarsu, mata na tsinkar ganyensu.

Bana Isufu ya sami ƙarin girma a wurin aiki. Ya kira ni ya ce yana son a yi wa mahaifinsa addu'a babba a garkar, ƙarƙashin mangwaron da ya dasa, zai zo da abokan aikinsa. Na yi murna har na yi ƙwalla. Na shirya na tafi Dumega tun kafin ranar don in taya Mariama aiki.

Tun da na sauka a bakin jan titi na ji wari, wani irin wari mai kama maƙogwaro. Na dubi hanya. Tsakiyar damina, ko'ina kore shar, amma ciyawar hanyar ta fara yin ja tana kwanciya kamar an bi ta da wuta, ba kuwa toka. Can kusa da rijiya na hango mutane a tsaye. Da na matsa sai na ga tumaki a kwance. Uku sun riga sun mutu, cikinsu ya kumbura. Sauran suna numfashi da ƙyar, kumfa na fita a bakinsu, leɓɓansu sun yi gyambo. Malam Jabbo na tsugune ya ɗora kan wata tunkiya a cinyarsa yana ɗura mata madara da ƙoƙo, madarar na dawowa ta hanci. Na gaishe shi. Ya amsa gaisuwar cikakkiya, har ya tambaye ni hanya, bai ɗago kai ba.

Mariama ce ta ja ni gefe ta faɗa mini. Ba ta kiran sunan Isufu, ɗan fari ne. Ta ce, "Yaron nan ne ya aiko mutum. Ta waya suka yi magana, ni ban sani ba. Jiya da sassahe ina gida wajen surfe, mutumin ya zo ya feshe hanya, ya feshe bakin shinge, ya shiga har ƙarƙashin mangwaro. Wai don motocin baƙi su samu wurin shiga. Da ya gama ya wanke tankinshi cikin komi ya tahi."

Cikin komi. Inda tumaki ke shan ruwa shekara da shekaru. Da hantsi Malam Jabbo ya koro su kamar kullum, suka ci ciyawar da ko laushi ba ta fara yi ba, ya jawo musu ruwa ya zuba a kan abin da ke ciki, suka sha.

Ina tsaye sai wani abu ya faɗo mini a rai. Na ce, "Yaya Mariama, mata fa? Jiya ba su tsinki tafasa ba?" Ta dafe ƙirji. Ba ta tuna ba, hankalinta na kan tumaki. Muka bar wurin muka shiga gari, ita da ciwon gwiwa ni da hawan jini, gida gida muna tambaya. Wasu sun shanya ganyen, muka sa suka kwashe aka binne. A wani gida muka tarar da matar ta riga ta dafa, ta tsane, tana cikin murza ƙuli-ƙuli za ta kwaɗa, yaranta sun kewaye kwanon suna jira. Na fizge kwanon daga gabanta ban ko yi sallama da kyau ba. Da muka yi mata bayani ta dubi yaran, ta dube ni ta ce, "To Madam, yanzu mi za su ci?" Mariama ta aiko musu da tsaba daga hatsin da aka tanada don baƙi. Amma tambayar matar nan har yau tana kunnena, domin ba ta yini ɗaya ba ce. An ƙone musu ganyen damina gaba ɗaya.

Likitan dabbobi ya zo daga Tibiri da rana. Abu na farko da ya tambaya shi ne sunan maganin. Aka nemo mai feshin, magidanci ne da iyalinsa, ya zo hannuwansa duk sun yi saɓa. Ya miƙo kwalaben lemo guda biyu, babu takarda babu rubutu. Ya ce haɗa su ya yi, don mai sayarwa ya ce masa in an haɗa sun fi saurin ci. Likitan ya juya kwalaben, ya shinshina daga nesa, ya ajiye. Ya yi wa tumakin abin da zai iya ba tare da ya san da me yake faɗa ba. Wasu sun tashi. Wasu ba su kai washegari ba, masu ciki kuma suka zubar.

Isufu ya iso da la'asar, ya tarar da mu a bakin rijiya. Na ga fuskarsa ta canza tun kafin ya rufe ƙofar mota. Ban jira ya huta ba, kuma ban yi nadamar haka ba.

Na ce, "Isufu, garkar wa ka sa aka yi wa feshi?"

Ya ce, "Gwaggo, kowa fa yi yake yi. Har a gidajen Yamai. Na nemi masu noma ban samu ba, Inna ba ta iya durƙuso, baƙi za su zo da motoci. Ya zan yi?"

Na ce, "Ban ce ƙarya kake ba. Masu noma sun yi wuya, na sani. To me ya hana ka aika wa Malam Jabbo ya tsare tumakinsa? Me ya hana ka gaya wa uwarka?"

Ya juya ya kalli komin. Can ya ce, a hankali, "Wallahi Gwaggo, na manta da shi. Na manta ma tumaki na bin nan."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Mutumin da ya goya shi a kafaɗa ya tsallakar da shi fadama yana yaro, wanda nonon shanunsu aka yaye shi da shi, ya manta da shi. Ba don ƙeta ba. Daga Yamai da ya rufe ido ya tuno hanyar, ciyawa kawai ya gani da motoci. Wannan shi ne abin da kwalbar nan ke yi wa mutum tun kafin a buɗe ta. Mai cire ciyawa da hannu dole ya sunkuya ya ga abin da yake cirewa, ya ga sawun dabba, ya ga inda aka tsinki ganye jiya. Mai aikawa a yi feshi ba ya bukatar ya san kowa.

An yi addu'ar, tunda an riga an gayyaci mutane. Motoci suka shigo suka jeru a kan matacciyar ciyawa, tsaf, ba abin da ya taɓa ƙafar wandon kowa. Malamai suka yi karatu, Allah ya saka musu. Sannan wani daga cikin baƙin ya miƙe ya yi jawabi rabi Hausa rabi Faransanci, ya ce marigayi gwarzo ne wajen kare muhalli, ya kamata matasa su yi koyi da shi. Aka jinjina kai. Ni ina cikin mata ina kallon ƙarƙashin mangwaro inda aka shimfiɗa tabarmi a kan ƙasar da aka shayar da guba, ina jin kamar in tashi in yi ihu. Malam Jabbo ya zo da ƙafa, ya zauna a ƙarshen tabarma, ya ɗaga hannu aka shafa tare da shi. Da aka fara fito da abinci ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Da baƙi suka watse, Mariama ta ce wa ɗanta, "Tashi mu tahi ruga." Muka tafi mu uku. Isufu ya cire takalmi ya durƙusa gaban Malam Jabbo ya ba da haƙuri, ya ce zai mayar da duk abin da ya mutu. Tsohon ya saurare shi har ya gama.

Ya ce, "Isufu, na yahe maka. Ɗan Namata ba ya durƙusa mini sau biyu. Tashi." Sannan ya ce, "Abin da ya tsaya mini a rai, ni na jawo ruwan da hannuna. Ni na yi musu hito suka zo suka sha. Tun ubanka na da rai ban taɓa shinshina komin nan ba kahin in zuba ruwa. Yanzu ko ina na je sai na shinshina."

Ya gaya mana zai matsa da abin da ya rage wajen 'yan'uwansa ta Gesheme. Mariama ta roƙe shi ya zauna. Ya ce ba fushi ba ne, gonakin da ke kewaye da fadama ma rabi duk feshi ake yi, ba ya iya sanin wace ciyawa ce halal ga dabba. Ya ce wataƙila bayan kaka ya dawo. Bai ce tabbas ba.

Tun da na dawo nake tambayar kaina abin da Yaya zai ce da ya leƙo yau. Kwalaben da ya yi faɗa a kansu a kasuwa ɗaya, yanzu ba kasuwar da babu su. A nan Dogon Dutsi da damina za ka ga mutum da silifa da gajeren wando, fuska a buɗe, yana feshe ƙofar gidan wani mai hali don mota ta samu wurin tsayawa, awakin maƙwabta na binsa a baya, yara na wasa da ƙasa a gefe. Za ka ga jarkar da aka ƙarar da magani an ɗauraye ta an zuba man gyaɗa ko ruwan sha. Wa ke duba abin da ke shigowa? Wa ya taɓa tsayar da mai sayarwa ya ce ina takardar wannan? Muna da masu ilmi, muna da masu mulki, muna da masu wa'azi, kuma dukanmu muna wuce kwalaben nan ranar kasuwa mu sayi gishiri a kusa da su.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce Madam 'yar fansho ce, ba ita ke durƙuso ba. Za a ce manomin da 'ya'yansa suka tafi, ga gona ta fi ƙarfinsa, ya zai yi? Wannan tambaya ce ta gaske, kuma ban raina ta ba. Yaya ma bai da cikakkiyar amsarta, ya dai jibga wa ɗansa nauyin har yaron ya tsani ƙasa. Amma ni ba a kan babbar gona nake magana ba. Ina magana a kan ƙofar gida, da tsakar gida, da hanyar mota, da 'yar garkar da ba ta fi a zagaye ta ana hira ba. Waɗannan ba su taɓa fin ƙarfin hauya ba. Buhun ƙaiƙayi ya ishe su, butar ruwan zafi ta ishe su, tumakin maƙwabci sun ishe su kuma su gode. Wanda ya zuba guba a irin wannan wuri ba wahala ce ta kai shi ba. Ƙyuya ce, da son a ga ƙofarsa fes, da rashin tuna cewa akwai wasu masu rai da ke bin wurin bayan shi. In kuma dole sai mutum ya yi, to ya san sunan abin da ya saya, ya faɗa wa maƙwabta, ya nisanci rijiya. Ko wannan ɗan mutuncin mun kasa.

Me ya rage na Namata bayan shekara bakwai? Faɗan da ya yi a kasuwa bai ci ba, wannan a fili yake. Sunan da aka laƙaba masa ma yaran yanzu ba su san shi ba. Jawabin da aka yi a kansa iska ta kwashe tun kafin motoci su kai jan titi. Amma in ka bi bakin fadamar Dumega za ka ga garake da dama an shimfiɗe fangalinsu da karan hatsi, yawanci na mata, kuma in ka tambaye su wa ya koya musu sai su ce haka ake yi. Ba su san daga garkar wa abin ya fito ba. Ina jin da zai fi son wannan a kan jawabi. Isufu kuma ya sa an fasa tsohon komin an gina sabo, ya hana a sake shiga garkar da tanki. Yanzu yakan kira uwarsa ya tambayi ko an ji labarin Malam Jabbo. Ban san ko wannan zai ɗore ba. Na dai san da kunyarsa ya koma Yamai, kuma ba na so ta sake shi da wuri.

Makon jiya na koma Dumega. An yi ruwa mai yawa, hanyar ta fara tsirowa, kuma tunda babu tumakin da za su bi ta, ciyawar banza ce ke rige-rigen fitowa. Na tarar da Mariama a tsakiyar hanya zaune a kan 'yar kujerar tsugunno, ƙafafu a miƙe saboda gwiwa, tana cira da hannu tana tarawa a gefe. In ta gama inda hannunta ke kai, sai ta ja kujerar gaba kaɗan. Na tsaya a kanta na fara zuba, ina gaya mata zan rubuta a jarida, zan faɗi kaza, zan tona kaza. Ta bar ni na yi har na gaji. Sannan ta matsa mini wuri ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Kin yi daidai, Madam. Ajiye jakar ki kama wancan gehen kahin rana ta yi zahi."

Allah ya jiƙan Yaya Namata, ya yafe masa zafin ransa. Na ajiye jakar na kama.